Tagar Anti Verna

Harrilall Bissoon, wanda kowa a ƙauyenmu na gaɓar kogin Corentyne ke kira Kawu Lall, sau goma sha ɗaya ya buga wa tawagar manya ta kulob ɗin kurket, wasan dukan ƙwallo da sanda, kuma makinsa bai taɓa wuce tara ba. Shi da bakinsa yake ba da labarin. Yakan ce a cikin taran ma, huɗu ƙwallon ce ta bugi sandarsa yana ƙoƙarin kauce mata. Da dattawan kulob suka rasa yadda za su yi da shi, sai suka damƙa masa yara. Yau shekara talatin ke nan: da safe yana gyaran keke a ƙarƙashin gidansa da ke kan ginshiƙai, da la'asar yana fili yana jefa wa yara ƙwallo.

Filin ɗan ƙarami ne, da dandamalin siminti ɗaya a tsakiya. Mai bugu yana tsayawa a ƙarshen yamma ya fuskanci gabas, don kada ranar la'asar ta shiga masa ido. A damarsa akwai magudanar ruwa da gonakin shinkafa har iyakar gani. A hagunsa, taku arba'in, gidan Anti Verna ne da tagoginsa na gilashi.

Lall yana ɗan shekara goma sha uku ya yi bugu mafi kyau a rayuwarsa. Ƙwallo ta nufo ƙafarsa, ya juya ƙugu ya share ta hagu, ta tashi ta shige tagar ɗakin Anti Verna, wadda a lokacin amarya ce. Ta sauko da adda, ta ɗora ƙwallon a kan kututture ta raba ta biyu a gaban kowa, ta miƙa masa rabi. Tun ranar yara suka kafa doka: duk wanda ya buga hagu ya fita daga wasa.

Da ya zama koci bai soke dokar ba, ado ya yi mata. Yakan ce bugun hagu na 'yan sara-suka ne, ɗan wasa mai tarbiyya dama yake turawa, gwiwar hannu a sama, kai a kan ƙwallo. Ya maimaita har shi kansa ya yarda. Yaransa suka yi suna da kyan bugun dama. In sun je wani ƙauye aka lallasa su, a hanyar dawowa ya ɗora wa alƙalin wasa laifi. Bahagwai kuwa, tun da su tsayuwarsu a juye take, ƙwallon da ta nufo ƙafarsu gona suke share ta, babu mai hana su. Biyu daga cikinsu sun kai tawagar gunduma. Lall ya yi shekaru yana bayani a shagon aski cewa bahago da baiwarsa ake haifarsa.

Sai ga Shellon Adonis, 'yar mai sayar da kifi, shekararta goma sha huɗu. Tun tana 'yar shida take hannunsa, kuma bai taɓa koyar da mai ido irin nata ba. Ya kai ta gwajin 'yan matan gunduma, ya guga riga, ya zauna a inda masu zaɓe za su gan shi. Ƙwallo uku na farko ta tura su dama kamar ana zana layi. Mai jifar ta gane, ta koma auna ƙafarta. Shellon ta tsaya ƙyam, ƙwallo na dukan cinyarta, sau tara. Wata daga cikin masu zaɓen ta tambaya a hankali wa ya koyar da yarinyar nan. Lall ya sunkuya yana ɗaure takalmin da ba shi da igiya.

An ce ta dawo bayan mako biyu, gwaji na ƙarshe. Baɗi shekarunta sun wuce.

A mota ba ta yi kuka ba. Ta dai ce, "Kawu, ai kai ka ce wanda ya buga hagu ya fita."

Washegari ya sayi biredin kwakwa ya nufi gidan da shekara arba'in da biyar yake kewaye shi. Ya tarar da Anti Verna a ƙarƙashin gida, kwance a ragar lilo tana ɓare wake. Ya cire hula, ya gaishe ta, ya tambayi ƙafa, ya tambayi jikoki na Toronto, ya yabi bishiyar mangwaro. Da yabo ya ƙare, ya roƙe ta ta yarda yarinya ɗaya ta riƙa bugo ƙwallo wajen gidanta na mako biyu.

"A'a," in ji ta.

"Anti, yarinyar fa..."

"Na san yarinyar. Kullum ina kallonta daga nan, tana tsalle kamar kaza in an auna ƙafarta. Kai ɗan Bissoon, simintin nan naku ƙarshe ɗaya gare shi?"

Bai gane ba. Ta nuna da kwasfar wake.

"Ka tsayar da ita a wancan ƙarshen mana. Hagunta ya koma gona."

"Rana za ta shiga idonta."

"Da safe ma?"

Lall ya tsaya da biredi a hannu. Ya tuna bahagwansa biyu da jawaban shagon aski. Ya ce mata lallai wannan shawara ce da ya daɗe yana nazari a kanta. Ta ce haka ne, ya ajiye biredin a kan kujera.

Kwana goma sha uku, kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta, yana jefa wa Shellon ƙwallo a ƙafa. Bai iya koyar da bugun hagun ba, don sau ɗaya ya taɓa yin sa, sai ya kwaikwayi abin da jikinsa ya tuna, ƙugunsa na ƙara. Kwana huɗu tana kuskure. A na biyar ƙwallo ta faɗa magudanar ruwa, ya naɗe wando ya shiga laka yana dariya shi kaɗai. Masu zuwa gona suka ce Kawu Lall ya koma kamun kifi, ya ce ai da ma can ya fi dacewa.

Ranar ƙarshe hannunsa ya gaji, jifa ɗaya ta kauce ta faɗi damar yarinyar. Shellon ta yi abin da ya koya mata shekara takwas: gwiwar hannu a sama, kai a kan ƙwallo. Damarta yanzu gidan Anti Verna ne. Lall ya riga ya fara tafi kafin ya ji ƙarar gilashi.

An ɗauki Shellon a tawagar gunduma, ta huɗu a jerin masu bugu. Lall bai ga gwajin ba. Yana kan tsani a jikin gidan Anti Verna yana sa gilashi da ragar waya, Anti kuma tana ƙasa tana gaya masa ya karkace. Da ya sauko ta miƙa masa ƙwallon, wannan karon ba ta raba ta ba.

"Bugun ya yi kyau," in ji ta. "Ya fi naka."

Ya ce ai shi ya koya wa yarinyar. Ta dube shi, sai ya gyara ya ce rabi.