Gadin Kududdufi

Ranar wata Talata ce da kaka, shekarar da na fara famfarar haƙora. Muna sussukar gero a ƙofar gida sai ga ragon Baba ya taso daga kududdufi yana tangaɗi, bakinsa kore shar. Bai kai turke ba ya faɗi, kafin a kawo wuƙa ya zama mushe. Maza suka taru ana ƙus-ƙus. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce a binciki maƙwabcin da suke rigimar iyakar gona da Baba. Sai kakata Iya ta miƙe. Ta zari karan dawa, ta ja hannuna muka nufi ruwan.

Kududdufin a bayan gidanmu yake, a karkarar Tsanyawa, ramin da aka haƙi ƙasar ginin unguwa. Nan muke wanki, nan samari ke buga tubali, nan muke kamun talibambam a cikin ƙoƙo. Idan damina ta ɗauke, rana ta buɗe, sai ruwan ya kwanta gansakuka ta rufe shi. Iya ta tsoma karan ta ɗago. "Idan ta biyo kara kamar zare, ba ruwanki da ita," in ji ta. "Idan ta shafe shi kamar an tsoma a marina, wannan kisa take yi." Karan ya fito a shafe, kore mai shuɗi-shuɗi, yana warin ruɓaɓɓen ganye. Da wannan aka ƙyale maƙwabci.

Daga ranar gadi ya zama aikina. Aka kewaye bakin ruwan da ƙaya, aka zaunar da ni gindin gawo da tsumagiya. Sa'annina na can suna carafke, ni ina nan ina korar awaki da agwagi da yaran da ba sa jin magana. A nan na koyi kallon hannun mutum kafin fuskarsa, har aka sa mini suna mai baƙin rai, kuma sunan bai bar ni ba.

Bana jikata Hadiza, mai karatu a jami'a a Kano, ta sauka daga bas da kwalabe da safar hannu, ta ce gansakuka ta zo ɗiba, wai ana neman maganin ciwon daji a irinta. Na tambaye ta wa ya aiko ta, wa za a bai wa, kuma me ya sa sai ta ƙauyenmu. Ta ce ta san dafi ce. A cikinta ne suke so su ware abin da zai kashe ciwon ya bar mutum, kuma har yanzu gwaji ake, bai zama magani ba, kada kowa ya sha. Na ji, ban ce na yarda ba. Abin da ya dame ni, a gaban mata ta faɗa, kuma mai neman sauƙi farkon magana kawai yake ji.

Washegari na hango Lami, matar ɗan maƙwabcinmu, wadda sankarar nono ta kwantar da uwarta. Tana tsugune a bakin ruwan da ƙwarya, babu wanki a gefenta. Na tsoma kara na nuna mata, na ba ta labarin ragon Baba.

"Kaka, wai fa an ce magani ce," in ji ta.

"Zubar," na ce mata.

Ta zubar tana hawaye. Amma da za ta tafi ta waiwayi ruwan, kuma na san irin waiwayen nan.

Yanzu na maida tabarmata gindin gawon, da gwiwoyin da ba sa tashi da sauri. Wani lokacin nakan ji kamar Iya za ta leƙo ta katanga ta ce in shigo a ci tuwo. A da awaki nake kora, jifa ɗaya ya ishe su. Mai majinyaci a ɗaki kuwa ba ya koruwa da jifa.