Inna da motar da ba ta san kunya ba

Jiya a hanyar Galma zuwa Madawa, Inna ta matsu ta ji ko matar yayana, ɗanta na fari, ta sauka. Motar maigidana nake ja, irin wadda ake faɗa wa suna ta buga waya da kanta.

Don tsokana na ce, "Inna, faɗi sunanshi, mota za ta kira."

Ta ce, "Ke, kira min yaron nan."

Mota ta amsa da Faransanci wai ba ta gane ba.

Na ce wanda ya ƙirƙiro abin har takardar mallaka gare shi.

Inna ta ja tsaki: "Ko uban yaron bai taɓa jin sunan ga a bakina ba, sai ƙarfe? Wanga mutum ba ya da uwa?"

Ƙarshe ni na faɗa. An samu namiji, wani ɗan farin kuma. Mota ta shiga uku.

Ku fa, innarku za ta faɗa?