Masaƙi da Baƙon Kasuwa

A shekarun da yadin waje ya cika kasuwanni, gidanmu a wani ƙauye kusa da Minjibir ya shiga wani hali. Babanmu masaƙi ne, kakarmu Inna Hajjo ke kaɗa masa zare. Bayan isha'i mukan zagaye murhu, tana murza mazari tana yi mana tatsuniya, Baba na bakin ƙofa kamar ba ya ji.

Akwai wadda ta fi yi a lokacin. Wai wani masaƙi ne da babu kamarsa, sai wani baƙo ya sauka a kasuwar garinsu. Zanen da masaƙin ya sha wahalar saƙawa, baƙon zai kalla sau ɗaya, gari na wayewa ya baje irinsa tuli, ga araha. Jama'a suka koma wajen baƙo. Ran nan ya ce wa masaƙin ya bar saƙa ya zo ya riƙa sayar masa.

Daga nan kaina ke ɗaurewa. Wata rana Inna ta ce masaƙin ya yarda, ya yi ƙiba, amma da ya zauna zai saƙa wa 'yarsa zanen aure, hannunsa ya mance. Wata rana kuma ta ce ya ƙi, ya riƙe sana'ar kakanni har rumbunsa ya ƙare, 'ya'yansa suka watse neman abinci.

Na tambaye ta wanne ne na gaskiya.

"Ɗan nan, ni zare nake kaɗawa," in ji ta. "Mai saƙa na can bakin ƙofa."

Da aka gama girbi, Baba ya naɗe masaƙarsa ya tafi Kano tsaron shagon atamfa na wani Alhaji. Muka ci muka ƙoshi, aka sa ni makaranta. Inna kuwa ta ajiye mazari, ba ta ƙara yin wannan tatsuniya ba.

Yanzu ni nake sayar da saƙin tsofaffin ƙauyenmu ta waya, har ga mutanen ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Bara na ɗora hoton wani sabon zane, kafin salla sai ga irinsa na inji a kasuwa. Wayar da ke ciyar da masaƙan, ta nan aka ɗauke shi. Wani dattijo a cikinsu ya tambaye ni ko mu daina sa hoto. Na ce masa, "Malam, bari in yi shawara." Har yau ban koma masa da amsa ba.