Tattarar da ke Cikin Ƙwayar Halitta

Babanmu tela ne, shagonsa a Dutsen Kura, jikin gidanmu. Ni ce 'yar fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, balle ya yabe ni a gaban mutane. Ƙanwata kuwa har kan teburin yanka take zama.

Ina aji biyar na sakandare, wajen ƙarshen shekarun tamanin, aka koya mana maitokondiriya, wani ɗan abu a cikin ƙwayar halitta da ke samar wa jiki ƙarfi. Na haddace darasin tas. Wata Asabar da hantsi ina bita a ƙofar shago, Baba ya tsayar da keken ɗinki.

"Ke, me kike ta nanatawa haka?"

Na miƙe na zuba masa Turanci, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya ce, "To, madalla," ya koma kan ɗinkinsa.

Ƙanwata tana aji uku, ba a ma kai su wurin ba. Ta leƙa zanen da ke littafina, ta ce, "Yaya, wannan layin na ciki me ya sa ya lanƙwashe?"

Na ce tantani biyu ne. Na waje sumul yake, ƙananan abubuwa suna ratsa shi. Na ciki ba ya barin komai ya wuce sai ta ƙofofinsa, kuma a jikinsa ake juya abinci da iskar da muke shaƙa su zama ƙarfi. An ninka shi ne don wurin aikin ya yi yawa.

Sai ta ɗauki wani ƙyalle, ta tattara shi a tafin hannunta.

"Baba, duba. Riga ce da shafi. Rigar ƙarama, shafin kuwa yadi guda, sai aka yi masa tattara ya shige."

Baba ya cire tabarau. "A cikin jikina akwai wannan?"

"Ba iyaka, Baba. Da su kake taka keke."

Ya yi dariya har da buga cinya. Wunin ranar duk wanda ya zo awo sai ya ji labarin, har wani Bagwari da ya kawo wando daga Shango. "Yarinyar nan ce ta gane min," in ji Baba, yana nuna ƙanwata.

Maganata ce fa ta ɗauka. Na shige ɗaki na bar tuwon rana ya huce, kwana uku ina amsa mata da ka. Da ta nemi aron littafin na ce ya ɓace, alhali yana ƙarƙashin katifata.

Tambayar ta fito a jarrabawa. Na zana tantanin ciki da kyau, na kuma ci darasin fiye da kowa a ajinmu. Da na kai wa Baba sakamakon, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙa wa ƙanwata ya ce ta karanta masa.

Yau shekarata talatin ina koyar da ilimin halittu. Ita kuwa yadi take sayarwa, kuma ta ce sam ba ta tuna ranar ba.