Anti Tsaya-Tukuna Ta Bar Teburin Gwaji

Ranar Juma'ar da ta gabata, matar da ke gwada kowane bayani kafin ya hau shafin nan na labaran kwamfuta da wayoyi ta ajiye aiki, bayan shekara goma sha huɗu. Likita ne ya ce idanunta sun gaji da hasken waya. Masu karatu ba su san ta ba, domin sunanta bai taɓa fitowa a ƙarƙashin wani labari ba. A ofis kuwa Anti Tsaya-Tukuna ake ce mata, don maganar da ta fi fita daga bakinta ke nan.

Teburinta na can ƙurya, inda soket ya fi yawa. Da safe takan buɗe durowa ta jera tsofaffin wayoyi goma sha ɗaya da kwamfuta uku, ɗaya daga ciki sai an tokare murfinta da littafi. Yawancinsu kwancen dangi ne: ta yayarta, ta ƙanen mijinta, ta ɗiyarta ta fari. Maigidanta yakan ce a gidansu waya ba ta mutuwa, sai dai ta yi ritaya ta koma ofis.

Idan marubuci ya rubuta yadda ake sabunta babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da waya ko kwamfuta gaba ɗaya, sai ya miƙa mata. Ita kuma ba ta gwaji da wayar da ba komai a ciki. Sai ta cika ta maƙil da hotuna da lambobi da saƙonnin murya, ta bar cajin ya kusa ƙarewa, sannan ta bi bayanin ɗaya bayan ɗaya. A tsakiya takan katse intanet da gangan. Hujjarta ɗaya ce: wayar mutane a cike take, kuma wuta ba ta sallama kafin ta tafi.

Shekara huɗu da suka wuce aka ga amfanin wannan hali. Sabuwar manhaja ta fito, wani marubucin shafin ya rubuta matakai bakwai, ya gwada a sabuwar wayarsa, komai lafiya. Edita ya zo ya tsaya a kanta, yana duba agogo.

"Anti, don Allah. Shafi uku sun riga mu."

"Su riga mu. Tsaya tukuna."

"Ai ya gwada, ta yi!"

"A wace wayar? Wannan da yake gogewa da gefen riga kamar jaririya? Ƙanena, masu karanta ka ba irinta ce a aljihunsu ba."

Marubucin ya ce wayoyin Anti ai sai gidan tarihi. Ta ce ya bari ya ga abin da kakanni za su ce. A mataki na biyar, wayar yayarta ta nemi izinin share wuri. Ta danna amincewa, kamar yadda bayanin ya ce a yi. Da wayar ta dawo, babu hoto ko ɗaya, babu lamba ko ɗaya. Ta juya wa marubucin fuskar wayar. Ta sake gwadawa a wayoyi huɗu, uku suka yi haka.

Kwana biyu bayanin ya yi a teburinta. Ya fita da matakai takwas, na farko shi ne yadda mutum zai kwashe kayansa ya adana kafin ya taɓa komai. Edita ya shaida cewa a makon sun rasa masu karatu da yawa, kuma bai ɓoye mata haushinsa ba. Amsar da ta ba shi ita ce sauri ya haifi nawa.

Bayan wata ɗaya wani tela ya aiko da saƙo. Ya ce awon mutum sama da ɗari biyu na cikin wayarsa, da hotunan ɗinkin da kowa ya zaɓa. Maƙwabcinsa ya bi wani bayanin dabam ya wayi gari da waya wayam, shi kuwa ko awo ɗaya bai rasa ba. Telan ya yi wa marubucin godiya, domin sunansa ya gani. Marubucin ya buga saƙon a takarda ya ajiye mata a kan tebur. Ta karanta, ta ce madalla, ta ci gaba da aikinta.

Anti, ke ce katangar da mai gida ba ya tunawa da ita sai ya ga ta maƙwabci ta faɗi. Ke ce kika yarda a ji haushinki a ofis, don kada wanda ba ki sani ba ya yi kuka a shagonsa. An gode. Allah Ya ba idanunki lafiya, Ya sāka miki da alheri.

Ga masu rubuta wa jama'a "danna nan, danna can", darasin ba mai tsawo ba ne: kafin ka ce wa mutum ya danna, danna da kanka, a irin wayarsa.

Wata sabuwar manhajar za ta fito a watan gobe, kuma an riga an rubuta bayaninta. Har zuwa jiya, edita bai faɗi wanda zai gwada shi ba.