Ranar da Na Sa Aka Kulle Zauren Kansiloli

Akwai wata ranar Alhamis da har yau ban iya cire ta daga raina ba, a shekara ta biyu bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula. Ku da kuka shigo aiki daga baya kun sha jin labarin cewa an taɓa kulle wa kansiloli zaurensu a sakatariyarmu, kuma wai wani tsohon masinja ne ya yi gaban kansa. Ba gaban kansa ya yi ba. Ni na sa shi, kuma ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba sai yau.

A lokacin ni ne babban akawun rajista, ina mataki na bakwai. Rajista ita ce ɗakin da duk wata takarda ke fara sauka: a buɗe ta, a buga mata hatimin ranar da ta iso, a sa ta a fayil, a tura wa wanda ta shafa. Karatuna bai wuce sakandare ba, sauran a bakin aiki na koya, kuma kusan duka a ƙarƙashin soja. Babban masinjanmu shi ne Baba Tanko, mutumin Darmanawa, wanda ya fara aiki tun zamanin En'e. Mukullan ofisoshi duka a hannunsa suke, a ɗaure da igiyar fata cikin aljihun 'yar-shararsa. Saura masa shekara ɗaya da rabi ya cika shekara talatin da biyar a bakin aiki ya yi ritaya, kuma abin alfaharinsa a duniya shi ne babu takardar tuhuma ko ɗaya a fayil ɗinsa. Yakan ce a duk sakatariya su biyu ne ba a taɓa kamawa da laifi ba, shi da ƙusar da ake rataye hoton ciyaman.

Sai na bayyana muku yadda muka saba aiki, don ku gane, ba don in wanke kaina ba. A zamanin soja, idan aka ce an rusa shugabannin ƙananan hukumomi, to kafin maganar ta iso kunnenka ta riga ta zama doka. Aikin rajista a irin wannan rana sananne ne. A kulle zaure, kada fayil ko ɗaya ya fita har sai wanda aka naɗa ya iso ya karɓa. Sau biyu ina yin haka da hannuna. Kuma na san wani akawu a wata ƙaramar hukuma da ya yi jinkiri, ciyaman mai barin gado ya fice da fayiloli. Sati uku ya yi a tsare, ya fito ba ya ji da kunne ɗaya. Da wannan muka tashi.

Da misalin ƙarfe tara da rabi na safe mai babur ya kawo ambulan daga majalisar dokoki ta jiha. Na sa hannu na karɓa, na buɗe. Kwafin wani ƙudurin doka ne game da ƙananan hukumomi. A ciki an ce za a rage wa'adin ciyamomi da kansilolin da aka zaɓa, a rusa majalisunsu, a naɗa kantomomi su riƙe har hukumar zaɓe ta jiha ta shirya sabon zaɓe, sannan manyan ayyuka sai an nemi amincewar jiha kafin a fara. A sama akwai wasiƙa mai cewa a aiko da ra'ayi cikin sati biyu. Na karanta wasiƙar, ba zan ce ban gan ta ba. Amma a sanina, idan na sama ya ce yana neman ra'ayinka, ya riga ya gama shawararsa. Idona bai tsaya ko'ina ba sai kan maganar rusawa.

Ciyaman da Sakatare da Daraktan Ma'aikata duk sun tafi ta'aziyya bayan gari. Wayar ofis ta kwana biyu a mace, ta hannu kuwa ba ta zo mana ba tukuna. Kansiloli suna da zama ƙarfe goma sha ɗaya kan wani kwalbati a Ƙauyen Alu da ake so a gama kafin damina, kuma fayilolin ayyukan mazaɓu suna kan teburin zauren tun jiya. Na nuna wa Madam Grace takardar. Ita ce mai buga mana tafireta, 'yar Kudu ce amma a Unguwa Uku ta girma, Hausarta ta fi tawa. Ta buɗe shafin ƙarshe, ta ce ita ba ta ga sa hannun Gwamna ba, in jira Sakatare. Na ce mata wanda ya jira a wancan karon da kunne ɗaya yake yawo.

Na kira Baba Tanko na ce ya kulle zauren kansiloli. Ya dube ni ya ce, "Akawu, an kuma?" Na ce an kuma. Ya tambaya ko daga sama ne, na ɗaga masa takardar ya ga tambarin jiha, shi da ba ya karatun boko. Ya ce Allah ya kyauta, waɗannan kansilolin ko hanyar banɗakin sakatariya ba su gama sani ba. Ya je ya kulle, ya ƙara da kwaɗo, ya jawo bencinsa ya zauna a bakin ƙofa. Ban rubuta umarnin a ko'ina ba.

Kansilan da ya fara isowa ya ɗauka wasa ne, ya tambayi Baba ko sai an saya masa goro zai buɗe. Baba ya ce, "Onarabul, ka yi haƙuri, umarni ne daga sama." Kafin rabin awa magana ta kai kasuwar Tarauni cewa an rusa kansiloli, ta kai Gyaɗi-Gyaɗi cewa har an naɗa kantoma yana hanya. Ku tuna mutanen nan shekaru suka yi suna jiran a bar su su zaɓi nasu, kuma ba sau ɗaya aka ƙwace musu ba. Magoya baya suka cika harabar, matasa da gorori, wasu da abin da ya fi gora a ƙarƙashin riga.

Ni ina rajista. Na sa sakata, na zauna a ƙasa tsakanin kabad biyu, ina jin duwatsu na sauka a kan kwano. Gilashin tagarmu ya tarwatse a kan tafiretar Madam Grace. Ta ce in fita in gaya musu ni ne, in sa a buɗe tun ba a taɓa tsohon nan ba. Na miƙe har sau biyu, na kai hannu ga sakata, na dawo na zauna. Duk miƙewar da na yi, ta inda gilashin ya fashe ina hango Baba. Sun kewaye shi suna tambayar wa ya ba shi umarni, yana ce musu shi dai masinja ne, wanda ya ce a kulle shi zai ce a buɗe. Wani sa'an jikansa ya kwaɗa masa mari, hularsa ta faɗi. Ya sunkuya zai ɗauka, aka hankaɗe shi ya faɗa da haƙarƙari a kan bencin. Bai waiwayo wajen tagata ba ko sau ɗaya.

Ɗaya daga cikin kansilolin, Allah ya saka masa da alheri, shi ya shiga tsakani ya rufe shi da babbar rigarsa har 'yan sanda suka iso. Sakatare ya dawo bayan azahar. Ya karanta takardar a tsaye, ya sa aka buɗe zauren, ya tara kowa ya yi bayani. Ya ce wannan ƙuduri ne, ba doka ba. Karatu na ɗaya kawai aka yi masa. Sai an yi na biyu, a miƙa wa kwamiti, a saurari jama'a, a yi na uku, sannan Gwamna ya sa hannu, kuma a kowane mataki ana iya gyara shi ko a yar da shi. Ra'ayin da aka nema kuwa na kansilolin ne da kansu, waɗanda aka kulle wa ƙofa. Ina bayan mutane ina saurara. Wallahi a ranar na fara sanin haka.

Kansiloli ba su yarda kuskure ba ne. Suka ce 'yan adawa ne suka sayi wani cikin ma'aikata don a gwada su, kuma sai an fito da shi an kore shi. Sakatare ya tambaye ni yadda aka yi. Na ce takarda ta iso, na ajiye ina jiran dawowarsa, sai kawai na ji hayaniya. Madam Grace tana wajen tana share gilashi. Ba ta ɗago ba.

Ran Litinin aka ba Baba Tanko takardar tuhuma, wadda muke kira kweri, aka ce ya amsa cikin kwana biyu. To shekara da shekaru ni nake rubuta masa komai, daga takardar neman hutu har wasiƙar da yake aika wa 'yarsa. Don haka bai je ko'ina ba sai teburina. Ya zauna da ƙyar yana dafe da gefensa, ya ajiye takardar ya ce, "Akawu, yau ma kai za ka taimaka." Na kasa kallonsa. Na ce Baba, me zan rubuta? Ya ce in rubuta cewa ya ji ana maganar rusawa, ya kulle kamar yadda aka saba tun da. Na ce ai ba haka aka yi ba. Ya ce ya sani, ai yana wajen.

Sannan ya ce, "Ni a nan gida za a yi mini hukunci, kuma sun san ni, faɗa za su yi mini. Kai kuwa in aka kai ka hukumar ma'aikata da sunan ka shiga siyasa, ba ka dawowa. 'Ya'yanka nawa ma? Rubuta mana."

Na rubuta. Ya dangwala babban yatsa, ya goge sauran tawadar a ƙasan teburina.

Kwamitin ladabtar da ƙananan ma'aikata ya zauna, kuma ni ne mai rubuta bayanin zama. Baba gargaɗi ya yi tsammani. Amma kansiloli suna bakin ƙofa suna jiran sakamako, sai kwamiti ya ba da shawarar a yi masa ritayar dole. Madam Grace ta buga daftarin wasiƙar, ta kawo ta ajiye a gabana ta ce, "Malam Hamisu, wannan ma ba a sa mata hannu ba tukuna." Ta koma kujerarta.

Sakatare ya tafi wani kwas, daftarin ya kwana tara a tiren teburina. Kullum da safe in na taso daga Gyaɗi-Gyaɗi a kekena ina tsara abin da zan ce wa Daraktan Ma'aikata. In na iso na ga motocin kansiloli, na tuna ƙarar duwatsun nan, sai in ce wa kaina ai kwamiti ya riga ya yanke, magana ta ƙare. Ranar da Sakatare ya dawo, ni na kai masa fayil ɗin, ya sa hannu ina tsaye.

Da la'asar aka ba Baba wasiƙarsa. Ya zo rajista ya kwance igiyar fatar, ya riƙa miƙo mini mukullan ɗaya bayan ɗaya yana faɗar ƙofar kowane. Ya ce ƙofar sito sai an ɗan ɗaga ta kafin a murɗa, in gaya wa wanda zai gaje shi. Ya ɗauki butarsa da sandarsa ya fita.

Washegari na shiga wajen Sakatare na faɗa masa komai. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Hamisu, da jiya ka faɗa kafin in ɗauki biro, da na mayar wa kwamiti. Yanzu kwafi ya tafi hukuma, an sanar da kansiloli. In na buɗe maganar nan kai za ka tafi, shi kuma ba lallai ya dawo ba." Ya ce in je in ci gaba da aikina. Ban sake tayar da maganar ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, da na fito daga ofishinsa ji na yi kamar an sauke mini kaya.

Na riƙa zuwa Darmanawa duk Juma'a bayan masallaci. Bai taɓa ambaton abin da ya faru ba. Tambayarsa kullum ita ce ko sabon masinja yana zuwa da wuri. Sau ɗaya ne kawai ya tambaye ni ko takardar ritayar dolen nan tana saman fayil ɗinsa ne ko tana ƙasa. Na ce tana ƙasa. Ku kun san a sama take, domin ƙa'idar fayil ce wadda ta zo ƙarshe ita ke sama, ita mai buɗewa zai fara gani. Haƙarƙarin bai daina damunsa ba. Aka kwantar da shi a asibitin koyarwa, ya rasu kafin azumi. Allah ya jiƙansa da rahama. Ƙudurin kuwa a lokacin yana nan a kwamiti, kansiloli na zamansu a zaurensu. Da ya fito daga baya, an gyara shi har ban gane shi ba.

Ku da kuke rajista yanzu, abin da zan bar muku kaɗan ne. Takardar da ba a sa wa hannu ba da sauran magana a kanta, ko daga majalisa ta fito ko daga kwamitinmu na nan. Mu an koya mana cewa komai ya riga ya ƙare, sai muka riƙa ƙarasa shi da hannunmu tun bai ƙare ba. Kuma in za ka sa na ƙasa da kai aiki, ka rubuta, ka sa sunanka, domin irin su Baba Tanko ba sa faɗar suna.

Fayil ɗinsa yana sito, a kabad na uku. Wannan bayani kwafi biyu na yi shi, kuma na sa hannu a kowane. Ina roƙon wanda ke riƙe da rajista a yau ya ɗauki ɗaya ya ɗora a sama.