Kwallin Bango

Ƙiris-ƙiris na ji daga bayan gado, ina ninke sallaya bayan azahar. Na ɗauka ɓera ne, har na ɗauko tsintsiya. Ina leƙawa sai ga 'yata ta biyu a durƙushe, tana kankare wani abu a gindin bango da cokalin shayi. Ta ɗago ta dube ni, idanunta duk toka-toka.

"Kwalli nake sawa, Inna."

Gidan surukina ne, ɗaya daga cikin tsofaffin gine-ginen Gure da aka yi wa ma'aikata tun da daɗewa. Wata igiya mai launin toka ta bi bangon ɗakina, kaurinta kamar ɗan yatsa, an shafe ta da farar ƙasa har ta saje. Kullum ina share ƙarƙashinta, ban taɓa tambayar mece ce ba. Ranar na sa farce, farcen ya shiga. Na goga takarda, ta bar zane kamar fensir. Sai na tuna mushenmu, malamin kimiyya a kwaleji: ƙarfen da farce ke shiga, mai rubutu a takarda, darma ce, kuma guba ce ga yaro. Inda cokali ya huda na ga tsumma da baƙar roba tana marmashewa, da ƙyallin jan ƙarfe. Na bi ta da ido har sama. A fitilar ɗakina ta ƙare, wadda muke kunnawa kullum. Ashe wayar lantarki ce.

Na wanke wa yarinyar ido da hannu, ina salati. Daga nan na wuce zaure wurin akwatin mita, na kashe kuran, wato wutar lantarkin gidan, gaba ɗaya.

Lokacin bazara ne. Maigidana yana kasuwar Kelle. Fankar Baba, surukin nawa, ta tsaya, firigon sanyaya ruwa na uwar mijina ya yi shiru. Baba ya fito da mafici a hannu.

"Wa ya taɓa akwatin nan?"

Na durƙusa. "Ni ce, Baba."

Na faɗa masa abin da na gani. Ya yi dariya. "'Yar nan, wayar nan ta girmi mijinki. Wa ta taɓa kashewa? Boko dai! Tashi ki kunna."

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba, ranar ma ban haɗa ba. Kaina a ƙasa na ce, "Baba, ka gafarce ni. Amanar yarinyar nan ni za a tambaya gobe ƙiyama. Ka kunna da hannunka in ka so, amma kana kunnawa zan kwashe yarana mu koma gindin bishiyar bedi a waje, duk mai wucewa ya gan mu."

Bai kunna ba, bai kuma amsa gaisuwata ba har kwanaki. Uwar mijina ta ce na mai da gida tanda. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallon matar da ta kashe wa surukinta fanka. Na kai yarinyar likita, na ja gado na toshe wurin, na ci gaba da yi musu fifita da tuwo kamar yadda na saba. Kuran dai ban mayar ba.

Wata safiya ina tankaɗe, yarinyar ta shigo a guje, da ɗan tandun kwalli sabo a hannu.

"Inna, Kaka ya sayo mini na gaske! Ya ce ki sa mayafi, mai gyaran waya na zaure. Ya ce wai ke kin fi shi taurin kai."